La'adar da Ta Riƙa Tafiya Manchester

Ranar sunan nan da aka yi a unguwar Rusholme ta Manchester ina zaune a gefe ina jin ku, ku 'yan matan jami'a. Ɗaya ta ce ita idan kuɗin karatu ya sake makara za ta nemi aikin Asabar a manyan shagunan tufafi na cikin gari. Wata ta ce ai wannan ba aiki ba ne, ki yi kwalliya, ki tsaya, ki yi murmushi, a ba ki kamasho. Kuka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don akwai nama a bakina, kuma ba na gyara wa yaro zance a gidan mutane. Yanzu zan gyara muku.

Sunana Talatu. Hausawa Inna suke ce mini, a shago kuwa Mama Ti. Ban taɓa zama a aji ba, ko na rana ɗaya. Mahaifiyata dillaliya ce a Kano, ni ke ɗaukar mata ƙunshi muna shiga gida-gida da atamfa da leshi da kwanuka. Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo ni Birmingham, direban bas ne, a Lozells muka zauna. Da ya rasu na shiga shara a wani babban shagon kayan mata a tsakiyar gari, irin wanda kwat ɗaya a ciki ta fi kuɗin hayar fulat ɗina na wata. Turancina na bakin makarantar yara ne da na kasuwa. Lambobi kuwa tun ina ƙarama na san su.

Rigar farko da na taɓa a shagon ta siliki ce, ruwan toka, doguwa har ƙasa. An fito da ita daga kwali duk ta yamutse, yarinyar da ke guga ba ta zo ba, mai saye kuma tana sama tana shan shayi tana jira. Wata tsohuwar ma'aikaciya, Morin, 'yar Ailan, ta sauko sito da gudu tana zage-zage. Na jingine tsintsiya na ce ta kawo. Ba a ɗora wa siliki dutsen guga. Rataye ta ake yi, ki juya cikinta waje, ki bi ta da tururi daga nesa, ki riƙa jan gefen a hankali da yatsu biyu. Idan ɗigon ruwa ɗaya ya sauka a kai, tabo ne, kin saya. Morin ta tsaya tana kallon hannuna. Da na gama ta ce, "Wa ya koya miki?" Na ce wadda ta taɓa ninke leshin amaryar da uwar mijinta ke tsaye a kanta ba ta tsoron siliki. Ba ta gane ba, amma cikin watan aka karɓe tsintsiyar aka ba ni na'urar tururi.

Na daɗe a ƙasa kafin in hau sama. Da bazara baƙi suke cika shagon, Larabawa da 'yan Najeriya masu haɗa lefe, sai Morin ta riƙa kirana in riƙe mata kaya a bakin ɗakin gwaji. Ita ta koya mini aikin, kuma ba da lallashi ba.

Mace ta farko da aka bar ni da ita wata Baturiya ce, ta ɗaga siket, ta duba kuɗin, ta mayar, ta kama hanya. Ni kuwa na bi ta har bakin ƙofa ina cewa, "To nawa za ki ba da? Faɗi naki!" Matar ta ƙara sauri tana rungume jakarta. Morin ta cafko ni ta baya.

"Me kike yi, Mama Ti?"

"Tayi nake nema. Ba ta taya ba ta tafi."

"Nan ba a tayi! Idan kika sake bin wata, ni da ke duk titi za mu koma."

Daga ranar na san cewa a wannan kasuwa ba a ciniki da baki. Da ido ake yi. Ki kalli takalmin mace kafin fuskarta. Ki kalli inda hannunta ya fara zuwa, wuyan riga ko takardar kuɗi. Wadda ta fara duba kuɗi ki bar ta ta sha iska, kada ki matsa. Wadda ta shafa yadi da bayan hannu, ta kai shi kusa da kumatu, wannan ta riga ta saya, saura ki nemo mata daidai jikinta kada ki ɓata mata rai. Ba a tambayar mace lambar jikinta a gaban ƙawarta. Ki auna da ido, ki kawo biyu, ki miƙa babbar a ƙasa ba tare da kin ce komai ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Tef ɗin awo a wuya, fil a hannun riga, 'yar buroshin cire gashi, da farin ƙyalle na rufe fuskar mai gwaji kada jan baki ya taɓa wuyan riga. Sai takalmi. Ku da kuke cewa tsayuwa ce kawai, ku tsaya daga safe zuwa magariba a kan dutsen marmara, ba a jingina, ba a naɗe hannu, ba a zama ko da shago babu kowa, sannan ku zo mu yi maganar. Takalmi biyu nake zuwa da su, in sauya da rana. Sallar azahar a sito nake yi, tsakanin kwalaye, Morin na tsare mini waje.

Sai kuma lamba. Kowace mai sayarwa tana da lambarta da ake bugawa a injin kuɗi, kuma lambar da aka buga ita ke cin ciniki. Za ki yi awa guda da mace, ki hau ki sauka, ki kawo ki mayar, ki tafi sito neman bel, kafin ki dawo wata ta raka ta wajen biya ta buga tata. An yi mini sau ɗaya. Ban yi faɗa ba. Na je na tsaya kusa da yarinyar, na kalle ta, na ci gaba da kallonta har aka tashi. Washegari da kanta ta je wajen manaja aka gyara.

Yanzu kuɗin, tunda shi ya ba ku dariya. Biyu ne. Akwai kuɗin awa, wanda ko kin sayar ko ba ki sayar ba za a ba ki. Shi ne na haya da bas da wuta, daga nan ya ƙare. Sai kamasho. Ni ban taɓa son kalmar ba, tana tuna mini da masu ihu a tashar mota. La'ada nake cewa, yadda muka gada. Ba a fara ba ki ita sai kin haye adadin da aka yanka miki na wata, wanda suke kira taget. Idan kin haye, abin da za ki samu a kan riga mai tsada bai fi ki sayi kaza biyu ba. Amma idan ya taru, shi ne bambancin watan da za ki kunna hita da watan da za ki ƙara bargo.

Ga inda tasu ta rabu da tamu, ku buɗe kunne. A gida, idan mai kaya ta ce na sallama, mai saye ta ce na saya, aka miƙa kuɗi, la'adar dillaliya ta zama halalinta. Ko gobe cinikin ya warware, tsakaninsu ne, babu mai zuwa ya ce ta dawo da ita. A nan kuwa mai saye tana da kusan wata guda. Muddin rasit na hannunta, kuma ba ta cire tag ba, 'yar takardar nan da ke rataye a jikin riga, za ta iya mayar da kaya a kowane reshe na kamfanin a ba ta kuɗinta. Kaya na dawowa, injin zai nemo lambarki, a zare la'adar daga albashin wata mai zuwa. Kin ci kazar, an dawo an ce ki biya.

Da labari ya bazu cewa akwai Bahaushiya a shagon, matanmu suka fara zuwa. Matan likitoci, matan injiniyoyi, masu karatun digiri na uku da yara a keke. Da yawa ba saye ya kawo su ba, sun samu inda za su yi Hausa ne a tsakiyar gari. "Inna, ina wuni? Inna, ya ƙafa?" Wata ta sayi gyale, wata turare, idan biki ya taso a sayi jaka. Babu laifi.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Kansul, wato ƙaramar hukuma, ta rage ma'aikata, aka rufe laburaren da ke kusa da mu rabin mako, albashin ma'aikatan asibiti ya tsaya cak. Matan ofis da suka saba sayen kwat duk hunturu suka koma shigowa su shafa su fita. Kamfani ya ɗaga taget, ya rage awoyi. Aka ce bayan Kirsimeti za a sallami mutane daga kowane bene.

Abin mamaki, a wannan muguwar shekarar ne cinikina ya fi na kowa. Matanmu suka tashi da saye kamar an yi musu wahayi. Maman Ihsan, matar wani likita, mai fara'a da yawan magana, wadda da gyale kawai take saye, ta zo ta ɗauki kwat ta ulu ruwan ƙasa, mafi tsada a layin. Ta saka, hannun ya ɗan yi mata tsawo. Na ce in sa fil a rage. Ta ce, "A'a Inna, bar shi haka, haka nake so." Na ce to. Bayan kwana biyu Maman Walid ta ɗauki jaka. Anti Rabi, wadda gwiwa ke damunta kamar ni, ta ɗauki takalmi mai tsini. Na kalle ta na kalli takalmin. Ta ce na ƙanwarta ne. Na ce Allah ya sa albarka, na buga lambata.

Amma albashi ya riƙa zuwa a rame. Na ɗauka haraji ne aka ƙara, don kowa kuka yake. Sai ana saura mako biyu Kirsimeti manajanmu, Kolin, wani dogon saurayi mai yawan ba da haƙuri kafin ya yi magana, ya kira ni ofis.

"Mama Ti, yi haƙuri, zauna. Kin fi kowa sayarwa a benen nan."

"Na sani."

"Kuma kayanki sun fi na kowa dawowa. Kusan duk babban abin da kika sayar tun kaka ya dawo."

Na ce ƙarya ne. Teburin mayar da kaya yana gaban idona kullum, ban taɓa ganin nawa ko ɗaya a kai ba.

"Ba nan ake kawowa ba," in ji shi. "Manchester."

Ya yi ta murza biro. Ya ce manya na sama suna ganin kamar haɗa baki nake yi da ƙawayena, su saya in haye taget, daga baya su mayar. Ya ce shi bai yarda ba, amma ba shi ke yankewa ba. Zuwa ƙarshen Janairu, idan abin bai tsaya ba, sunana ne na farko.

Ku gane abin da wannan ke nufi. Mace mai shekaruna, ba takardar makaranta, ba ta iya cika fom, an kore ta da zargin cuta. Babu shagon da zai sake tsayar da ni a bene. Sharar ofisoshi ce da asuba, da guga da bokiti, da waɗannan gwiwoyin.

Na ce wa Kolin, "Bayan Kirsimeti reshen Manchester suna neman ƙarin hannu, ko ba haka ba?" Ya ce haka ne, lokacin ragi ba sa iyawa. Na ce ya tura ni. 'Yata tana aure a Old Trafford, ina da wurin kwana. Na ce kuma ba sayarwa za ni ba, a sa ni bayan teburin mayar da kaya in riƙa ninkewa.

Aikin teburin nan shi ne mafi ƙasƙanci a shago, amma a nan ake sanin mutane. Ki shinshina hammatar riga, ki duba ƙasan takalmi, ki laluba aljihu. Na ciro tikitin fati daga aljihun rigar da aka rantse ba a saka ba. Na ga wadda ta cire tag ta mayar da zare wani launi. Kwana da kwanaki ina ninkewa ina kallon layi, idona har ya fara ruwa.

Ranar wata Laraba da hantsi na hango gyale ruwan hoda a cikin layi. Mai gyalen tana fama da manyan jakunkunan shagonmu guda uku, tana danna waya. Na sunkuya ina gyara kwali har ta iso gaba. Ta ɗora jakunkunan, ta buɗe baki za ta yi Turanci. Na miƙe.

"Maman Ihsan."

Wayar ta kusa faɗuwa. "Innalillahi! Inna! Lah, ina kwana? Ashe... ashe kina nan?"

"Lafiya lau. Ya Dokta?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ya su Ihsan? Ya sanyi? Ya hanya? Kin baro mutanen Birmingham lafiya?"

Ban rage mata ko ɗaya ba. Tana amsawa tana jan jakunkunan baya da ƙafa da hannu, kamar za su ɓace. Baturiyar da ke bayanta ta fara tsaki.

"Me ya kawo ki Manchester?"

"Ziyara, Inna. Wata ƙawata ce ba ta da lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Kwat za ki kai mata?"

Na jawo jaka ta farko. Wata kwat ce ta ulu, ita ma hannunta da tsawonsa, tag na lilo. Ta biyu wata jakar ce da na sake sayar wa Maman Walid. Ta uku wani takalmin ne mai tsini, na Anti Rabi, karo na biyu ke nan. Yarinyar da ke kan injin ta ce, "Kin san ta, Mama Ti?" Na ce 'yata ce, ki ba ta kuɗinta. Sannan na ce wa Maman Ihsan ta hau sama wajen shan shayi ta jira ni, kuma idan ta gudu na san gidanta.

Na same ta ta sayo mini shayi da kek, ta tura su gabana kamar mai ba da toshiya.

"Inna, don Allah kada ki yi fushi. Wallahi taimako muke yi."

"Wa kuke taimako?"

"Ke mana! Mun ji an ce duk wadda ba ta ciniki za a kore ta. Mu kuma kin san yadda gari yake, Dokta kansa lissafi yake kafin ya sha mai. Wa ke da kuɗin kwat? Shi ne Anti Rabi ta ce ai abin da sauƙi. A saya da kati, Inna ta ci la'adarta, bayan sati biyu a mayar. Kamfani ne, ba za su ji a jikinsu ba."

"To me ya hana ku mayar a Birmingham?"

Ta rufe fuska da gyale. "Haba Inna. A gabanki? Ki sayar mana da hannunki, ki yi mana addu'a, mu dawo mu ajiye miki a tebur? Da wane idon?"

"Shi ya sa kike hawa jirgin ƙasa."

"Bi da bi muke yi. Wannan karon ni ce. Har kuɗin jirgin karo-karo muke yi."

Na ajiye kofin. "Wa ya ce muku la'adar tana zama?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana na fitowa. "Ai an sallama, Inna."

Matar nan digirinta biyu, a ƙasar nan ta haifi 'ya'yanta, takardun kansul da na asibiti ita ke cike wa rabin unguwa. Amma a kan la'ada kanta na Kano. Ni ma da na tsaya a shagon shekaru, da aka ce Manchester ban kawo wannan a raina ba. Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda injin ke nemo lamba, yadda ake zarewa, da abin da Kolin ya faɗa. Tana ji bakinta na buɗewa.

"Kenan duk watannin nan..."

"Duk watannin nan kuna haɗa kuɗin jirgi don a kore ni."

Ta fara hawaye, sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta haɗa biyun har tana tari. Na bubbuga mata baya. Na cinye kek ɗin, don an riga an saya.

Da na koma Birmingham na shiga wajen Kolin na faɗa masa komai, ban ɓoye ba. Ya dafe kai.

"Yi haƙuri, Mama Ti, amma kin san abin da kika gaya mini shi ne daidai abin da suke zargi? Ƙawayenki suna saye suna mayarwa."

Morin na bakin ƙofa, don ba ta taɓa barin ƙofa a rufe ta wuce ba. Ta ce, "Kolin, yi tunani. Macen da ke gane rigar da aka saka daga warinta, ita za ta shirya cutar da ita kaɗai ke asara a ciki? Da ita ta shirya, da ka gani a albashinta."

Ya ce ko ya yarda, akwai sauran kaya a gidajen mutane da aka saya kafin Kirsimeti, kuma za su dawo. Na ce ya ba ni mako ɗaya. Duk abin da ya shigo cikin makon a sa shi a tsohon lissafi. Bayan nan idan ko safa ta dawo da lambata, ni da kaina zan ajiye tef ɗina. Ya ce zai gwada faɗa wa na sama.

Ranar Lahadi matanmu suna taruwa karatu a wani gida a Lozells. Na bari aka shafa fatiha, aka fito da shayi da cincin, sannan na ce ina da magana. Maman Ihsan ta riga ta kai labari, kowa idonsa na kan kafet.

"Na gode," na ce. "Allah ya saka da alheri. Kada a ƙara. Duk mai kayana a gida da tag a jiki ta kawo cikin makon nan. Ba Manchester ba. Wajena, a hannuna."

"Inna, a taimaka a bar mu mu ba yara su kawo," in ji Maman Walid.

"Yara ne suka saya?"

Anti Rabi, wadda ta girme su duka, ta ce, "Talatu, ke ma dai da tsanani. Niyya ai mai kyau ce."

"Niyyarki na gani, Rabi. Mai tsini ce, lamba shida."

Ɗakin ya fashe da dariya, har ita.

Makon nan ba zan manta shi ba. Suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da jaka a bayanta, tana tafe tana kallon silin. Ni kuma ina tsaye a bakin tebur ina karɓa da hannu biyu ina cewa sannu da ɗawainiya. Morin ta ce ba ta taɓa ganin masu karɓar kuɗinsu da fuskar zaman makoki ba. La'adata ta Janairu ta tafi gaba ɗaya, har da ɗan guntun Fabrairu.

Saura abu ɗaya. Na san mutanena. Ko ba shiri, idan 'yar mutunci ta shigo, na sauko mata da riga, na yaba, ba za ta iya kallon tsabar idona ta ce ba ta so ba. Za ta saya don kunya, ta je gida ta kasa barci. Dole in buɗe musu ƙofar fita. Sai na sayi ɗan ƙaramin almakashi na rataya a jikin tef. Duk wadda ta ce ta saya, kafin mu je wajen biya, in kama tag in ɗora almakashin a kan zaren, in ce, "In yanke?" Kowa ya san idan an yanke babu mayarwa.

Abin ya yi aiki fiye da zatona. "In yanke?" Sai ki ji, "Tsaya Inna, bari in yi shawara da Baban su." In ce madalla, gaishe shi, in mayar da rigar kan hanga, mu ci gaba da hirarmu, babu wadda ta ji kunya. Turawa ma na fara yi musu. Wata ta ce yanke, yau da dare zan saka. Wata ta ce bari ta zaga. Wadda ta zaga ba asarata ba ce, da ma dawowa kayan za su yi.

Maman Ihsan ta ɗauki kwanaki ba ta leƙo ba. Da ta zo, ta wuce layin kwat ba ta ko waiwaya ba, ta ɗauki ɗan gyale mai ruwan zuma, mafi araha a teburin. Na ɗora almakashi.

"In yanke?"

"Yanke, Inna. Wannan da kuɗin cefanena ne."

Na yanke. La'adar ba ta kai kuɗin bas ɗina na ranar ba.

Ƙarshen wata Kolin ya kira ni. Bai ce in zauna ba, bai kuma ba da haƙuri ba, na san da sauƙi.

"Babu abin da ya dawo, ko nan ko Manchester," ya ce. "Amma ba ki taɓa yin ƙaramin ciniki irin na watan nan ba. Ko kusa da taget ba ki je ba."

"Wanda na sayar ya sayu."

"Haka na gaya musu." Ya ce an rage mini rana ɗaya a mako, kamar yadda aka rage wa kowa, amma ina nan, kuma Asabar tawa ce. Ya ce manajar Manchester ta bugo tana tambaya ko lafiya, kwana biyu ba ta ga 'yan uwana ba.

Na sauka sito na sauya takalmi, na hau na koma wajena. Ban daɗe da tsayuwa ba sai ga Anti Rabi ta turo ƙofa tana ɗingishi. Tana hango ni ta ɗaga hannu biyu sama, tun daga nesa, mutane na kallo.

"Talatu, ki shaida, hannuna babu komai! Ɗumi kawai na shigo sha, ƙafata ta daskare!"

Na jawo mata kujerar da muke ajiye wa mazan da ke jiran matansu, na kai ta kusa da hita.

"Zauna ki sha, Rabi," na ce. "Shi wannan ko kin kai Manchester ba za su karɓa ba."